Hamstar da Ke Gwaguyar Ƙarfen Keji: Yadda Za Ka Zaɓar Mata Gidan da Ya Dace

Wajen ƙarfe biyun dare ne, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit. Sai ga wani sauti daga falo, ƙaras, ƙaras, ƙaras, ba tsayawa. Na ɗauki tocila na fita. Hamstar da ƙanwata ta kawo wa 'yata daga Jos ce, wata 'yar dabbar kiwo mai kama da ɓera, ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, ta cusa hanci tsakanin wayoyin keji biyu, tana gwaguyar ƙarfe iya ƙarfinta. Na haska ta, ta ɗan dakata, ta ci gaba. Haka muka yi ta yi kusan mako uku, har gashin saman hancinta ya zube, wurin ya yi jajawur.

An ce mini haƙoranta ne ke ƙaiƙayi, in ba ta itace. Na ba ta, ta shinshina, ta koma kan ƙarfenta. Daga baya na gane cewa gidan ne bai yi mata ba, kuma duk abin da zan jefa a cikin wannan ɗan keji ba zai hana ba. Abin da na koya tun daga lokacin, a nan garin Bauchi, da kayan da ake samu a kasuwanninmu, shi zan shimfiɗa maka.

Mataki na farko: san wadda ke hannunka

Mutane da yawa a nan suna haɗa hamsta da ɓeran Masar. Ba ɗaya ba ne. Ɓeran Masar ya fi girma, ciyawa ce abincinsa, kuma yana son zama da 'yan uwansa. Ita kuwa hamsta in kana neman mai kama da ita a ɗabi'a cikin dabbobin da muka sani, gafiya ce. Dukkansu suna da jaka a kumatu da suke cusa hatsi su kai rami su ɓoye. Duk wanda ya ga hamsta ta cika kumatu har kafaɗa ta ruga ɓuya, zai tuna karin maganar nan ta gafiya tsira da na bakinki.

Wadda aka fi sayarwa ita ce hamstar Siriya, mai ruwan zinare ko ruwan ƙasa, tsawonta kamar tafin hannun babba. A shekarar 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya tono uwa da 'ya'yanta a wata gona kusa da birnin Halab na ƙasar Siriya, kuma yawancin waɗanda ake kiwo a gidaje a duniya daga wannan zuri'a suka fito. Akwai kuma ƙanana, irin su Roborovski da Campbell, 'yan asalin yankunan Mongoliya da arewacin Sin, waɗanda wasunsu ba su fi babban yatsa da kaɗan ba. Sanin irin taka zai gaya maka girman ramukan raga da girman tayar gudu da za ka nema, wato tayar da take shiga ciki ta yi ta gudu tana juya ta.

Abu guda da ba ya jiran gobe: idan hamstar Siriya biyu ka zuba a keji ɗaya, raba su yau. Dabba ce mai zaman kaɗaici. Da zarar sun kai wata biyu za su fara faɗa, kuma faɗan yakan kai ga kisa. Wata gwaguyar ƙarfen ma ƙoƙarin tsere wa abokiyar zama ce.

Mataki na biyu: duba bakinta, sannan ka fahimci me take nema

Gaskiya ne haƙoran gaban hamsta ba sa daina girma har ta mutu, kuma tana bukatar abin da za ta riƙa gogawa. Amma hatsi mai tauri da kwali da itace sun isa wannan aiki. Ƙarfe ba ya gyara haƙori, karya shi yake yi ko ya karkatar da shi, kuma idan na sama ya karye, na ƙasa zai yi ta tsawo tunda babu mai goge shi. Ga kuma fenti da tsatsa da take haɗiya.

Ka jira ta farka da yamma, ka miƙa mata ƙwayar gyaɗa ɗaya, ka duba bakin sa'ad da take karɓa. Haƙora biyu a sama, biyu a ƙasa, daidai da juna, launinsu rawaya-rawaya. Rawayar nan lafiya ce, kada ta dame ka. Abin damuwa shi ne haƙori ya karye ko ya lanƙwashe, haɓarta ta jiƙe da miyau, ta ɗauki abinci ta yar, ko ta fara ramewa. In ka ga haka, kai ta wajen likitan dabbobi. Kada ka sa abin yanke farce ka datse haƙorin da kanka, yakan tsage har cikin dasashi.

To me take nema? A daji hamstar Siriya a ƙarƙashin ƙasa take rayuwa. Masu bincike da suka auna ramukanta a arewacin Siriya sun samu zurfinsu kimanin santimita 65 ne, wasu har sun haura mita ɗaya, da wurin kwana daban, rumbun abinci daban, wurin fitsari daban. Sannan takan fita ta yi yawo mai nisa neman hatsi. Ka ɗauki dabba mai wannan halitta ka sa ta a kejin da bai fi faranti biyu ba, da shimfiɗar da ba ta rufe mata ƙafa ba, wato abin da ake zuba mata a ƙasan kejin. Ba ta da inda za ta haƙa, ba ta da inda za ta je. Abin da ya rage mata shi ne neman hanyar fita.

An gwada wannan a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan. A binciken da aka wallafa a 2006, an ba wasu hamstoci shimfiɗa mai zurfin santimita 10, wasu 40, wasu 80. Masu santimita 10 su suka fi gwaguyar waya. Masu 40 sun rage gwaguyar sosai kuma sun haƙa ramuka sun zauna a ciki. Masu 80 kuwa ba a ga sun gwaguyi waya ba ko kaɗan. A wani binciken na 2007 an gwada girman keji iri huɗu, daga santimita murabba'i 1,800 zuwa 10,000, aka ga waɗanda ke ƙananan kejin sun fi daɗewa suna gwaguya, ko da yake ba ta ɓace gaba ɗaya ba har a babban. Abin da ni na ɗauka daga nan shi ne faɗi yana ragewa, amma zurfi ne babban magani. Duk sauran matakan a kan wannan aka gina su.

Ina ganin Musulmi ba ya bukatar dogon bayani a kan nauyin da ke kansa a nan. Tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ka tsare, haƙƙinta yana wuyanka.

Mataki na uku: ɗauki tef ka yi awo kafin ka je kasuwa

Lambobi uku za ka riƙe.

Ƙasan gidan kada ya gaza santimita 100 a tsawo da 50 a faɗi. Wannan shi ne mafi ƙarancin da likitocin dabbobi a Jamus suke ba da shawara, kuma ni ban ga dalilin yin ƙasa da shi ba. A awon kafinta, ƙafa uku da inci uku ke nan a tsawo, inci ashirin a faɗi. Idan hamstar Siriya ce mace, kuma kana da wuri, kai shi 120 da 60, domin matan sun fi mazan rashin haƙuri da ƙunci. Ka kwatanta da kejin da aka sayar mana: na auna shi, 40 da 30 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na mafi ƙarancin ba. Kuma fili guda a shimfiɗe ake nufi. Benaye uku da aka ɗora a kan juna, ko ƙananan akwatuna da aka haɗa da bututu, ba a tara su a ce sun cika awo. Hamsta mai gudu a ƙasa ce, ba mai hawa ba, idonta ba ya gani sosai, kuma takan faɗo daga sama ta karye.

Zurfin shimfiɗa kada ya gaza santimita 25 zuwa 30, aƙalla a rabin gidan. In za ka iya kai shi 40, ka yi.

Tsayin bango kuwa ya zama santimita 60, ƙafa biyu ke nan, ko fiye. Dalili: bayan ka zuba shimfiɗa, dole a samu tazarar da ba za ta iya miƙewa ta kamo murfi ba. In ta kamo ragar murfin, gwaguyar da ka gudu za ta dawo, wannan karon tana reto da haƙoranta.

Kafin ka yanke shawara, shimfiɗa jarida ko tabarma daidai wannan awo a inda kake son ajiye gidan, ka bar ta kwana ɗaya. Za ka ga ko ana iya wucewa, ko ƙofa tana buɗuwa, ko uwargida ta yarda. Gara a yi wannan muhawara kafin a biya kafinta.

Mataki na huɗu: zaɓi irin gidan

Hamstar da ta riga ta saba da gwaguyar ƙarfe, kada ka sake sayo mata kejin waya, ko da babba ne. Al'ada ta kama ta, da ta ga sandar ƙarfe za ta koma. Ban da haka, tasar ƙasan irin waɗannan keji ba ta da zurfi, ba za ta riƙe shimfiɗa ba. Kejin tsuntsu da akurkin kaji na waya duk hukuncinsu ɗaya. Abin da kake nema shi ne bango mai santsi wanda haƙori ba zai samu wurin kamawa ba, da sama a buɗe da raga. Hanyoyi uku ne.

Mafi sauƙin kuɗi ita ce babbar robar ajiyar kaya mai murfi, irin wadda ake gani ta cikinta. Ka shiga wajen masu robobi a Kasuwar Wunti da tef ɗinka, ka auna ƙasanta ta ciki, ba bakinta ba, domin yawancinsu baki ya fi gindi faɗi. Ka shafa cikinta da hannu: duk wani tudu, ko lungu, ko wurin da aka dasa taya, nan za ta fara huda. Ka yanke tsakiyar murfin gaba ɗaya, ka bar gefe kamar yatsu uku, ka ɗaure raga a wurin da ƙananan kusoshi masu noti, bakin ragar yana ta waje. Matsalar roba biyu ce. Da wuya ka samu wadda ta kai mita ɗaya, kuma tana riƙe zafi. Ni a wurina ta wucin gadi ce, ko kuma don ƙananan irin.

Ta biyu akwatin gilas. Ba sai ka nemi na kiwon kifi ba. Masu aikin gilas da alminiyam, waɗanda ke haɗa tagogi da akwatunan da masu shago ke jera kaya, za su yanka maka gilas mai kaurin milimita 5 ko 6 su manna shi da gam ɗin silikon. Ka ce silikon ɗin da ake haɗa akwatin kifi kake so, a shafa shi siriri a kusurwa don kada ta samu abin ja, kuma a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku har warin tsamin nan ya tafi. Gilas ba ya gwaguyuwa, ba ya shan fitsari, kuma za ka ga ramukan da ta haƙa ta jikinsa. Illarsa nauyi da fashewa, musamman a gida mai yara ƙanana.

Ta uku, wadda ni na yi, ita ce haɗin katako da gilas: gaba gilas, baya da gefe biyu da ƙasa katakon kabad mai santsi, irin wanda aka lulluɓe da fari. Na je wurin kafintan da ke mana aiki da zane a takarda. Ya duba ya ce, "Alhaji, wannan duk don ɓera ɗaya? Ai kwata ɗin wannan ya ishe shi." Na ce, "Malam, kwata ɗin ne muke da shi yanzu, shi ya sa ba ma barci." Da na kwatanta masa da gafiya da raminta, nan take ya gane, har shi ya kawo shawarar a manna farin tayil a ƙasa da kuma jikin bango daga ciki, don fitsari kada ya kumbura katakon. Shawara ce mai kyau ƙwarai, kuma tayil yana da sanyi.

Ga abubuwan da za ka nanata wa kafinta, don ba aikin da ya saba ba ne. Kada bakin katako ya fito ta ciki ko ɗaya. Hamsta ba ta iya cizon bango shafaffe, amma in ta samu gefe ko tsaga, cikin dare ɗaya za ta buɗe hanya. A toshe kowace kusurwa da silikon, ko a rufe ta da siririn alminiyam mai kusurwa. Kada kan kusa ya leƙo ciki. Kada a shafa fenti ko man ƙyalli ta ciki, kuma kada a yi amfani da katakon da aka jiƙa da maganin gara ko baƙin mai, abin da ya zama ruwan dare a wurinmu. In kai za ka sayo katakon da kanka a kasuwar katako ta Muda Lawal, ka tambaya, ka kuma shinshina.

Murfi shi ne numfashin gidan. A yi firam na katako ko alminiyam, a buga masa ragar ƙarfe mai ramuka murabba'i, wadda ramin bai wuce santimita ɗaya ba, mai kwatar inci ta fi, musamman ga ƙanana. Ragar sauro ta taga ba ta yi, minti kaɗan za ta yaga ta. Siririyar wayar kaji mai manyan ramuka ma ba ta yi. Duk saman ya zama raga, ba 'yan huji da aka yi da ƙusa ba, domin warin fitsari yana taruwa a ƙasa ya lalata mata huhu. A sa masa sakata. Hamsta takan ture murfi, kyanwa kuma takan zauna a kai.

Mataki na biyar: shimfiɗa, inda aikin yake

Lissafa tukuna don kada ka sha mamaki. Gida mai 100 da 50, in za ka cika shi zurfin santimita 30, lita 150 yake ci, wato cikin jarka shida mai lita 25. In rabi ka yi mai zurfi, ɗaya rabin santimita 15, kana bukatar kimanin lita 110. Da yawa ne, amma ba kowane mako ake canzawa ba.

Abin da kowa zai fara kawo maka shi ne garin katako daga injin yanka, tunda kusan kyauta ne. Kada ka karɓa. Ƙurarsa tana shiga hanci da ido, ba ka san irin itacen da aka haɗa ba, ba ka san maganin da aka zuba masa ba, kuma ba ya riƙe rami. Auduga ma ka guje ta, da tsumma da duk wani abu mai zare, domin yana naɗe ƙafa ya hana jini gudu, in ta haɗiye kuma ya toshe hanji. Jarida mai tawada da takarda mai ƙamshi su ma a'a.

Abin da ya yi mini aiki shi ne takarda da busasshiyar ciyawa. Takardar bayan gida ko ta goge hannu marar turare, a yayyaga ta ƙanana, a haɗa da farar takarda marar rubutu da aka yanka siri-siri. Masu ɗab'i sukan tara gefen takarda da suka datse, kuma sukan bayar da arha. Ciyawar kuma mai laushi, marar ƙaya, marar ƙarangiya, wadda ta bushe sarai ba ta yi fumfuna ba. Ka shanya ta a rana kwana biyu, ka kaɗe ƙurar. In kana da firiza mai samun wuta, ka sa ta a leda ta kwana biyu a ciki don ƙwari su mutu.

Yadda ake zubawa yana da muhimmanci kamar abin da ake zubawa. Zuba takarda kamar kaurin tafin hannu, ka danne ta da hannu biyu sosai, ka baza ciyawa siririya a kai, ka sake zuba takarda, ka sake dannewa, haka har ka kai zurfin da kake so. Ciyawar tana yin aikin da ramno yake yi a ginin ƙasa, ita ke hana ramin rubzawa. Shimfiɗar da aka watsa sakwa-sakwa tana da tsayi a ido, amma da ta shiga sai ta rufta mata. Ka gwada da hannunka: tura yatsu ka yi rami ka zare. In ramin ya tsaya, ka yi daidai.

Mataki na shida: kayan ciki

Tayar gudu dole ce. Ga hamstar Siriya, faɗinta kada ya gaza santimita 28, ga ƙanana 20. Gwajin mai sauƙi ne: in tana gudu bayanta ya lanƙwashe kamar baka, tayar ta yi kaɗan, kuma da yawa sukan daina hawa saboda ciwon baya su koma ga ƙarfe. Wurin takawa ya zama shafaffe, ba sanduna ko raga ba. Wannan ne abu ɗaya da ya fi wuyar samu a Bauchi, mai yiwuwa sai ka yi odarsa ta intanet, ko kafinta ya haɗa maka da zagayayyar roba mai faɗi da ƙaramin boris. Ka ɗora ta a ɓangaren da shimfiɗa ba ta da zurfi, a kan ɗan dandamali mai ƙafafu da suka taɓa ƙasa. Duk abu mai nauyi haka za a yi masa, don kada ta haƙa ƙarƙashinsa ya danne ta.

Wurin ɓuya aƙalla biyu. Ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa da aka kwantar a gefenta ta fi komai dacewa da garinmu, saboda sanyinta. Ƙwarya da aka kife aka yanke mata ƙofa, ɓawon kwakwa, akwatin kwali marar tef, duk suna yi. Ƙofar kada ta gaza santimita 7 ga ta Siriya, domin in ta cika kumatu faɗin kanta yana ƙaruwa, takan maƙale.

Sai kwanon yashi. Hamsta ba a yi mata wanka da ruwa, da yashi take goge jikinta. Ka tankaɗe yashi mai laushi, ka wanke shi har ruwan ya fito fes, ka soya shi a kasko ya bushe ƙarau, ya huce, ka zuba a faffaɗan kwano. Da yawa a nan suke fitsari, sai shara ta zo da sauƙi.

Abinci kuwa, daina zuba shi a kwano. Cokali ɗaya babba na haɗin hatsi a rana ya ishi ta Siriya, ka watsa shi cikin shimfiɗa ta yi ta nema. Ka soke zangarniyar gero busasshiya a tsaye, za ta kwana tana ɓare ta. Ka cusa 'yan ƙwayoyi cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida ka murɗe bakinsa. Hatsin dai ka tabbatar ba wanda aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya ba ne. Albasa, tafarnuwa, ɗanyen wake, lemo da kayan zaƙi ba nata ba ne. Ruwa a ɗan ƙaramin kwano mai nauyi, a sabunta kullum.

Mataki na bakwai: inda za a ajiye gidan

A nan ne shawarar mutanen Turai take gaza mana. Hamsta ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, in ya haura 30 kuma tana cikin haɗari. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kusanci 40. Akwatin gilas da rana ta faɗa a kansa, ko na awa ɗaya ne, zai iya kashe ta. Ka zaɓi ɗakin da ya fi kowanne sanyi, mai silin, nesa da taga da kicin, ka ɗora gidan a kan ɗan benci mai ƙarfi, ba can sama kusa da rufi ba. Shimfiɗa mai zurfi tana taimakawa, domin can ƙasa ya fi sanyi. Da rana a bazara ka naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara a tawul ka jingina ta da gilas ta waje, kusa da inda take kwana, ko ka ɗora randar ruwa kusa da gidan. Fanka ta juya iskar ɗaki, amma kada ta hura kai tsaye ciki. In ka same ta a shimfiɗe a fili, tana numfashi da sauri, jikinta ya saki, zafi ne ya kama ta: ka kai ta wuri mai sanyi, ka ɗora ta kan tayil, ka ɗan shafa ruwa a kunnuwa da ƙafafu, ka nufi likita. Kada ka tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara.

Da hunturu kuma, ƙara mata takarda, ka yafa siririn zane a rabin murfin saboda ƙura.

Duk ranar da za a fesa maganin sauro, ko a kunna na hayaƙi, ko a yi turaren wuta, a fitar da ita daga ɗakin har iska ta wanke shi. Hayaƙin janareta ma haka. In kiyashi sun dame ka, sa ƙafafun bencin cikin gwangwanayen ruwa maimakon barbaɗa magani.

Mataki na takwas: ƙaura, da abin da zai biyo baya

Ka yi ƙaurar da yamma, bayan ta farka da kanta. Ka kwashe tsohuwar shimfiɗarta mai tsabta, da sheƙarta, da abincin da ta ɓoye, ka zuba a sabon gidan, domin da hanci take gane wurinta. Ka sa ta cikin kofi ko tukunyarta ka ɗauke ta, ka ajiye, ka rufe. Sannan a ƙyale ta kwana uku zuwa mako guda, ba ɗauka, ba tono. Wannan shi ne ya fi yi wa yara wuya. Na ce wa 'yata, "Mamana, baƙuwa ce ta tare a sabon gida, a bar ta ta jera kayanta." Ta yarda, ta riƙa zuba ruwa da abinci kawai.

Kada ka tsorata idan kwanakin farko ta yi ta zagaye bango tana neman mafita, ko kuma ta ɓace ba ka ganinta. In abinci yana raguwa, ruwa yana raguwa, lafiya take. Wurin shara, ka kwashe inda ya jiƙe da yashin fitsari duk bayan kwana biyu, sauran kuma a canza kashi ɗaya cikin uku bayan wata guda ko fiye. Kwashe komai lokaci ɗaya kamar rushe mata gari ne, kuma yakan dawo da halin da aka rabu da shi.

Idan bayan mako biyu ko uku tana nan tana cizon kusurwa ko tana tsallen kamo murfi, ka ƙara zurfi kafin komai, ka sake duba girman taya, ka riƙa sauya abin nema kowane 'yan kwanaki. Mace takan shiga lokacin neman namiji duk bayan kwana huɗu, a daren nan za ta fi rawar kai, washegari ta lafa. Ka kuma lura da kanka: in duk sa'ad da ta fara cizo kake zuwa da gyaɗa, ka koya mata cewa cizo ne ke kawo gyaɗa. Shafa barkono a wurin, ko watsa mata ruwa, ko buga gidan, tsoro kawai suke ƙara mata.

Wanda kuɗin gini bai samu ba tukuna, ga abin yi a daren yau: cire saman kejin na waya gaba ɗaya, ka sa hamstar da kayanta cikin roba mafi girma da zurfi da ke gidan, ka cika rabinta da yagaggiyar takarda da aka danne, ka rufe da raga ka ɗora abu mai nauyi a gefunan.

Tamu a dare na huɗu ta fara haƙa. Da safe muka ga rami ya bi jikin gilas ya gangara har ƙasa, ya lanƙwasa, ya buɗe wani ɗan ɗaki da ta cika da gero. Bayan kamar wata guda gashin hancinta ya tsiro.